Wa ya taɓa wanke miki da ruwan ganyen gwaba?

Mahaifin yara, Tudun Jukun: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ya kurje gwiwa a wajen ƙwallo, kakarsa ta ce a tafasa ganyen gwaba a riƙa wanke wurin. Ni a maganin gudawa na san shi. Wanda ya taɓa gwadawa a kan miki ya ba mu labari.

Ɗan acaɓa, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Malam, ni shaida ne. Salansa ta taɓa ƙona ni a ƙwauri, wurin ya yi ta zubar ruwa, wando na mannewa. Da na fara wankewa safe da yamma sai ya tsotse ya yi ɓawo. Akwai raɗaɗi a wankin farko, ka riƙe yaron da kyau.

Wata uwa, Kwarbai: Yadda muka gada: a tsinko toho mai laushi, a wanke, a tafasa har ruwan ya yi ja-ja kamar shayi, a tace da tsumma mai tsabta, a bari ya huce sarai. Kullum sabo ake dafawa, ba a amfani da wanda ya kwana. Masu tauna ganyen su tofa a kan ciwo kuwa, wannan ƙazanta ce kawai.

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Samaru: Hajiya ta yi gaskiya. Baurin nan da ake ji in an tauna ganyen sinadarin tanin ne, shi ke tsuke fata ya rage tsattsafar ruwa. An kuma gwada ruwan ganyen a ɗakin bincike, ya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har da Staphylococcus aureus mai sa miki mugunya. Sai dai yawancin gwajin warkar da rauni a kan ɓeraye aka yi shi. Kai kuma ɗan'uwa mai babur, in ƙuna ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, fara kwarara ruwan sanyi na minti 20 kafin komai.

Wata 'yar'uwa, Gyallesu: Ni nawa labarin ba daɗi. Babanmu na da ciwon suga, ya taka ƙusa a bayan gida. Aka daka busasshen ganyen aka cusa garin a ramin. Sama ya rufe, muna ta murna, ashe mugunya na taruwa a ciki. Shi ma bai ji zafi ba, don ƙafar ta daɗe ba ta jin komai. Sai da kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe shi, sannan muka kwasa sai asibitin Shika. An ceto ƙafar, yatsa ɗaya ya tafi.

Ma'aikaciyar jinya, Wusasa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙusa, kwalba ko cizon kare ba aikin ganye ba ne, kuma ganyen ba ya maye gurbin allurar tetanus. Kurjewa irin ta yaron Malam ce za a iya wankewa a gida. In ja ya fara faɗaɗa, ko wari ya taso, a kawo shi.

Mai lambu, hanyar Shika: Ku lura da inda kuke tsinkowa. Mu masu lambu muna fesa maganin ƙwari, kuma ba kowa zai gaya muku ranar da ya yi feshi ba. Ku nemi bishiyar tsakar gida.