Kuɗin zumunta na hannuna, mai gida kuma na neman haya

Ma'ajin Matasa: Salama gare ku 'yan'uwa. Kuɗin taron Disamba na zumuntar matasanmu yana hannuna, mai gidan haya kuma ya ba ni zuwa Asabar. Zuciya sai raɗa mini take yi wai in ranta, in mayar idan an yi albashi. Waɗanne ayoyi zan riƙe? Ko in ajiye muƙamin? Littafi Mai Tsarki dai ina da shi, na waya da na takarda.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa, fara da Matiyu 4:1-11, inda Iblis ya jarabci Yesu. Jarabar farko ta biyo ta kan buƙata ta gaske ce, yunwar kwana 40, kamar yadda hayarka gaskiya ce. Amsoshin Yesu uku duk daga Maimaitawar Shari'a suke: 8:3, 6:16 da 6:13. Kowacce gajera ce, kuma daidai ƙaryar da aka kawo masa. Kai taka ƙaryar ita ce "rance ne, ba sata ba". Maganinta Luka 16:10-12, zancen aminci a ƙaramin abu da kayan wani. Rubuta a takarda, saka cikin jakar kuɗin, karanta da murya kafin ka taɓa ko sisi. Inda ake faɗuwa shi ne mutum ya haddace ayoyi barkatai, lokacin ya zo ya rasa wadda zai jawo. Kada ka manta Iblis ma ya ja Zabura 91:11-12.

Ɗan Kwaya: Ka sayi Littafi na takarda, waya ita kanta jaraba ce. Dubu biyar zai ishe ka.

Mai Shagon Littattafai: Dubu biyar a ina? Mai bango mai ƙarfi ya haura goma. Kuma ai ya ce yana da shi.

Dattijo: Ɗana, aya ba laya ba ce. Yusufu bai tsaya musu da matar maigidansa ba, ya bar rigarsa ya gudu, Farawa 39:12. Mafitar da 1 Korantiyawa 10:13 ke faɗa, a nan ita ce kuɗin ya bar gidanka kafin Asabar. Ku ƙirga ku biyu da sakatare, ku sa hannu a littafi, ku kai asusun banki mai sa hannun mutum biyu. Bulus ma bai yarda ya riƙe gudunmawa shi kaɗai ba, duba 2 Korantiyawa 8:18-21. Batun haya kuwa, gaya wa fasto a fili.

Maman Zumunta: Fasto! A wata majami'a da ba zan faɗi sunanta ba, mata sun yi ta ƙuli-ƙuli da noman ƙodago don kuɗin kwanon rufi. Ma'ajin nan ba wanda ya kai shi jan aya. Damina ta faɗi, babu kwano babu kuɗi, ana sujada ruwa na zuba kan benci. Aka ce a rufa asiri don ɗan babban gida ne. Gwauruwar da ta tambaya ita aka sa a horo, har yau ba ta koma ba.

Ɗan Kwaya: Mama, Yahuza Iskariyoti ma ai ma'aji ne, Yahaya 12:6. Ma'aji, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba!

Malamin Lahadi: Baba, da girmamawa, ayoyi ya tambaya, ba tsarin banki ba.

Dattijo: Malam, yara kake koya wa hadda. Wanda ya taɓa zaman sasanta rigimar kuɗi ya san aya da kuɗi a aljihu ɗaya, yawanci kuɗin ke rinjaye. Yakubu 1:14-15 ya nuna daga sha'awa ake somawa, to a raba ta da abin da take kallo.

Maman Zumunta: Ku dattawa ku fara karanta mana rahoton kuɗi tukuna. Baiko uku a Lahadi ɗaya, na gini, na godiya, na baƙo, ba a taɓa cewa ga abin da aka tara ba.

Mai Shagon Littattafai: Mu a wurinmu baiko huɗu ne ma. Wa ke ƙirga naku?