Yaran shagona ba sa magana a gabana, wai zane da wasa za su buɗe musu baki?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗinki a Fagge, kekuna 7, yara 9 har da mai guga. Wallahi yaran sun iya aiki, amma duk azumi sai kayan Sallah sun cakuɗe mana. Bara shaddar wani Alhaji aka yi wa aikin wuyan wani, saura kwana 3 Sallah, sai da na koma Kwari na sayo wani yadin da kuɗin aljihuna. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na gane yara biyu sun lura tun wajen yanka, amma ba wanda ya ce uffan. In na tara su na ce me za mu gyara, sai kowa ya sunkuyar da kai, babbansu ya ce "duk yadda ka ce, Oga."

Ƙanena da ke aikin ofis ya ce su takarda da biro ake ba su su yi zane, har wasa ake sa su kafin taro. Ni dai raini nake tsoro. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a sana'a irin tamu?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni abincin biki nake yi a Gwammaja, mu 6 ne. Fara da allo kafin wasa. Na sa kafinta ya kafa min falanki a bango, na raba shi gida uku da alli: wanda aka kawo, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane aiki da katinsa, mai aikin ce ke matsar da shi da hannunta. Daga baya ɗana ya gaya min ai kamfanin Toyota na Japan da irin katin nan ya tsara aikinsa tun shekarun 1950, kanban suke ce masa. Kai naka ma ya fi sauƙi: yanko ƙyallen kowane yadi ka maƙale a katin, ka zana wuyan da mai kaya ya zaɓa. Yaron da karatu bai zauna masa ba ma zai gane. Kuma nuna kati da yatsa ya fi sauƙi a kan a kalli idon Oga a ce ya yi kuskure.

Baba Marini:
Yaro, tsoronka na kan hanya. Wasa da yaro ba iyaka shi ke kawo raini. Amma mu a karofi mun taso ana dara bayan la'asar, ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12, maigida ya zauna da yaronsa. A nan za ka ga mai hangen nesa da mai gaggawa, kuma yaron da ya cinye ka sau ɗaya bakinsa ya buɗe. Sharaɗi dai: kada kuɗi ya shiga, kuma da an kira sallah a tashi. In an koma bakin aiki kai ne maigida.

Malama Hauwa:
Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Ni koyarwa nake, kuma abin da nake gani shi ne yaranka ba rashin tunani ke damun su ba, kunya ce, tarbiyyar da muka ba su da kanmu. Ka tuna tashe: daga goma ga azumi yaro zai sa gemun auduga ya kwaikwayi dattijo, ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da rana tsaka ba, a yi dariya, saƙo kuma ya isa. To ka ara. Ranar da aiki ya yi sauƙi, ka zama kwastoma, ɗaya ya zama kai, ɗaya mai yanka. Ka kawo yadi ka yi bayani da sauri kamar yadda ake maka. Su bi kayan har zuwa guga, kai ka yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya.

Telan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada na Malama ranar Alhamis bayan mun rufe. Da farko sun ƙi, sai da na miƙa wa ƙaraminsu tef ɗina na zauna a bencin baƙi. Yaron nan ya rataya tef a wuya, ya manna waya a kunne, yana awo yana magana da wani, ya rubuta awon a bayan kwalin maɓalli ya jefa kan tebur. Shago ya kaure da dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi, don haka nake yi, ban taɓa ganin kaina ba. Kwalin nan ne ke ɓata.

Daga nan mai guga, wanda shekara biyu ban ji shawararsa ba, ya ɗauki allin yanka ya zana a ƙasa yadda kaya ke yawo a shagon. Ashe sau biyu suke bi ta teburina, a nan suke haɗuwa da na wasu. Ya ce a sa ƙusa 9 a bango, kowa da tasa.

Maman Ilham, kafinta zai zo Asabar. Katin naki na kwali ne ko na roba? Don wajen guga akwai tururi.