Musayar Waƙa a Kan Cecil Frances Alexander, Mai Waƙoƙin Yara

Malam Bulus:
Jama'a, ga buɗewa a kan marubuciyar waƙoƙin cocin nan ta zamanin Sarauniya Biktoriya. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

A Dablin ta ƙasar Ailan, cikin shekarar 1818,
Aka haifi Cecil, wadda ake ce wa Fanny tun tasowa.
Ta lura cewa shaidar bangaskiyar da ake biya wa yara
A baki take tsayawa, ma'anarta ba sa ganewa.
Sai ta bi ta sashe-sashe tana mai da shi waƙa,
Littafin ya fito a 1848, yara suka shiga rerawa.

Inna Saratu:
Malam, ka buɗe ƙofa, bari in shigo da nawa.
Inda aka ce Allah ne mahaliccin sama da ƙasa,
Ta nuna wa yaro ɗan fure, da tsuntsu, da kogi mai wucewa.
Inda aka ce an haifi Almasihu, ta kai shi garin Dawuda,
Ga jariri a komin dabbobi, ga uwa tana dubawa.
Da aka zo batun gicciye, sai ta zana koren tudu
Can bayan ganuwar birni, inda aka kai shi ratayewa.
Waƙar haihuwar kuwa, tun 1919 a Kwalejin King's ta Kambirij,
Da ita ake buɗe sujadar jajiberin Kirsimeti, yaro guda ke farawa.

Ɗan Auta:
Baba da Inna, ku gafarce ni, akwai baitin da kuka tsallake,
Yana cikin waƙar halitta, kuma ni ba na iya haɗiyewa.
Ta ajiye attajiri a katafaren gida, talaka a bakin ƙofarsa,
Ta ce Allah ne ya tsara matsayin kowa.
Littattafan waƙoƙi da yawa sun cire shi daga baya,
Yaya za a ba ɗan talaka wannan a matsayin koyarwa?

Malam Bulus:
Ɗana, ka faɗi gaskiya, baitin nata ne, ba na musantawa.
'Yar manjon soja ce, ta sha tunanin zamaninta,
Amma duba inda ribar littafin ta riƙa tafiya kafin yankewa.
Ita da 'yar'uwarta Anne sun tsaya wa makarantar kurame a Strabane,
Can kuɗin waƙoƙin ke zuwa, don ci da sha da karantarwa.
A 1856 gobara ta tashi a makarantar,
Yara shida suka mutu, wuta ta hana su kuɓucewa.

Ɗan Auta:
Baba, na ji, kuma na girmama hannun da ya bayar,
Sai dai kyauta daban, baiti daban, ban ga dalilin haɗawa.

Inna Saratu:
Riƙe ra'ayinka, ɗana, ni dai bari in ƙarasa labarin.
A 1850 ta auri William Alexander, limamin coci, ta girme shi da shekara shida,
Dangi suka yi ta ƙananan maganganu, ita ba ta kulawa.
A ƙauyukan Castlederg ta riƙa kai wa marasa lafiya abinci da sutura,
A 1867 ya zama bishop na Derry, can suka yi komawa.
Ranar 12 ga Oktoban 1895 ta rasu a Derry,
Shekara na zagayowa aka naɗa shi babban bishop na Armagh, ba ta ga naɗawa.