Na sayi ƙaramar bindigar toka ta gasa amma harbina duk ƙasa yake sauka, ina 'ya'yan maharba?

Bazazzage_a_Jamus

Assalamu alaikum mutanen Zazzau. Kafin wani ya zabura, ba a gida nake ba, ina Jamus wajen karatu kuma komai bisa doka nake yinsa. Akwai wani kulob na masu gasar harbi kusa da inda nake zaune, na daɗe ina zuwa ina aron tasu, toh shine na tara 'yan kuɗina na sayi tawa. Ƙarama ce ta hannu ɗaya amma irin ta da, ta baki ake ɗura mata albarushi irin yadda maharbanmu ke yi wa bindigar toka, kamfanin Pedersoli na Italiya ne ya ƙera ta bisa samfurin Le Page, wani gidan maƙeran bindiga na Paris da ya yi suna tun zamanin Napoleon. Bakinta .36 ne, wajen milimita 9 kenan.

Ɗurin kansa aiki ne, ka zuba albarushin da ka auna, ka shimfiɗa ɗan ƙyalle mai maiƙo a bakinta, ka ɗora dunƙulen dalma a kai ka tura da sanda har ya zauna, sannan ka sa kaf, wato 'yar hular ƙarfe mai tada wuta, a ɗan bututun baya inda gudumar bindigar ke duka, duk wannan don harbi ɗaya tak. A gasar daga mita 25 ake harbi, a tsaye, da hannu ɗaya, harbi 13 cikin minti 30 sai a ɗauki 10 mafi kyau, kuma da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta santimita 5 ne kacal.

Matsalata da na fita gwada ta: harbin duk ƙasa da baƙin da'irar da ke tsakiyar takardar yake sauka wajen taƙi guda kuma a warwatse, sannan bayan 'yan harbi kaɗan dalmar sai ta ƙi shiga sai na danna da ƙarfi, wani lokacin kuma kaf ya ce tas sai an ɗan jinkirta kafin ta tashi. Wani dattijo a kulob ɗin yace in goge saitin gaba (ɗan tsinin da ke kan bakinta da ake auna hari da shi) da zarto, ni kuma hannuna ya ƙi, sabuwa ce fa. Dan Allah wanda ya tashi gidan maharba ya taimaka. Kuma in na gama karatu zan iya dawowa da ita?

DanMaharba_KofarDoka

Wa alaikumus salam. Malam ai bindigarka ba ta da laifi, datti ne. Albarushi baya cinyewa duka, kusan rabinsa toka yake komawa ya manne a cikin bututun, kowane harbi yana ƙara tsuke hanya, shi yasa na farko ke shiga sumul na baya kuma sai da kokawa, kuma in ƙarfin da ka danna wannan ya bambanta da na wancan ai ba za su sauka waje ɗaya ba. Ka riƙa zura ɗan ƙyalle mai danshi kaɗan bayan kowane harbi, ka bi da busasshe.

Kakana Allah ya jiƙansa in ya dawo daga daji baya cin abinci sai ya wanke tasa, a dafa masa ruwa ya tsoma gindin bututun a tsohuwar tukunya yana zura tsumma yana jawowa, ruwan ya fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai mu yara muna toshe hanci, bai dainawa sai ruwa ya fito fari, sannan ya jingine ta a rana ya shafa mai. Da damina ma har ya fi tsanantawa don tokar nan jan danshi take, ka bar ta ta kwana biyu ka ga tsatsa. Kuma yana da ɗan guntun ƙaho da ya yanke daidai awonsa, ban taɓa ganin ya zuba da ido ba.

Jinkirin da take yi kuma, mai ne ko danshi ya toshe 'yar hanyar da wuta ke bi. Kafin ka fara ɗuri ka fasa kaf kamar biyu babu komai a ciki ya busar da hanyar. In kuma ta ƙi tashi gaba ɗaya kar ka juyo da ita kana leƙe, bar bakinta yana kallon gaba ka jira. Sannan ka tabbata dalma ta zauna a kan albarushi ba fili a tsakani, filin nan shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi, a ƙauyuka akwai masu yatsu uku da yawa ta dalilin haka.

Lauyan_Kongo

Ni tambayar ƙarshe zan amsa. A'a ɗan'uwa, kar ma ka fara. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 kashi uku ta raba bindigogi. Akwai haramtattu waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, akwai irin su bindigar harbin tsuntsu da ta iska waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai doguwar bindigar toka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutum zai ɗauka taka ta ukun ce tunda ta baki ake ɗura ta, ina, fistol ko wane iri a kashin farko yake, har dokar ta ambaci mai ƙyastu da mai kaf ƙarara don kar wani ya kawo wannan hujjar. Wato a idon doka ita da fistol ɗin zamani layi ɗaya suke kuma hukuncin riƙe ta ba lasisi ɗaurin aƙalla shekara 10 ne. Da halin da ake ciki yanzu ka yi tunanin kanka a shingen hanyar Kaduna kana yi wa jami'i bayanin wai ta wasa ce. Ka sayar wa ɗan kulob ɗinku in za ka taho.

Samaru_Boy

Hhhh wai mutum ya tsallake Zariya gaba ɗaya ya je Jamus ya sayi harba-ka-ruga da kuɗin Yuro. Yaya ka jira Hawan Daushe ka tsaya wajen ƙofar fada ka sha hayaƙi kyauta har kunnenka ya toshe. Tsakani da Allah me yasa ba ka sayi ta zamani ba, ko ta iskar nan da ake mita 10 a Olamfik?

TsohonSoja_Chindit

Yaro kar ka taɓa saitin nan tukuna. Dattijon bai yi ƙarya ba, in aka rage tsayin saitin gaba harbi sama yake hawa, amma ba a gyara saiti sai harbi ya taru waje ɗaya, kai kuma da bakinka ka ce a warwatse yake, to wanne za ka bi? Kuma abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Yi lissafi, in tsakanin saitin gaba da na baya santimita 25 ne kana harbi a mita 25, duk milimita 1 da ka goge santimita 10 ne a jikin takarda, ka ga ɗan ganganci kaɗan ka wuce ta sama. Duba ma ko saitin baya yana da ɗan sukurun ɗagawa, in akwai da shi za ka fara.

Ni ban taɓa harba irin taka ba amma na ga kuratan da ba su ƙirguwa a filin harbi, kuma harbin ƙasa galibi daga mai harbin ne. Mutum na jiran ƙara sai ya danne hannu ƙasa kafin ta tashi bai ma sani ba, ko ya fizgi kunama maimakon ya matsa a hankali. A taka abin zai fi muni don tsakanin faɗuwar guduma da fitar dalma akwai ɗan lokaci da ya fi na bindigar zamani, in ka saki hannu da wuri shikenan. Ka riƙe saiti har hayaƙi ya wuce sannan ka sauke. Abin da za ka yi, ka zauna ka ɗora hannunka a kan buhun yashi ka yi harbi biyar awo ɗaya ƙyalle iri ɗaya, in sun taru to ka san ba ita bace kai ne. Sannan ina kake ɗora saitin, tsakiyar baƙin ko ƙarƙashinsa? Da yawa ƙarƙashi suke riƙewa don saiti ya fi fitowa a kan fari, kuma in haka kake yi da bindigar da aka saita wa tsakiya dole ka ga ƙasa.

Bazazzage_a_Jamus

Na gode ƙwarai jama'a. Baba tsohon soja ƙarƙashin baƙin nake riƙewa kuwa, haka suka koya min, kuma akwai sukurun a baya, zan yi gwajin buhun yashi kafin komai. Ita kunamar ma irin mai saiti ce, in ka turo ta gaba tukuna sai ta koma ko shafa ta ka yi ta tashi, har yanzu yatsana bai saba ba.

DanMaharba maganar awo daidai da dokarsu, a gasa ba a yarda ka zuba daga babban gora kai tsaye ba don kar ragowar wuta ta kama shi a hannunka, kowane harbi da ɗan kwalbarsa da ka auna tun daga gida. Bambancin kawai tawa tana da tsaga-tsaga a cikin bututu da ke murza dalmar, ta maharba kuma sumul ce, don haka kaurin ƙyalle yana da tasiri sosai, na tsinto ƙyallayen da na harba a gaban layi wasu sun yage ta tsakiya, suka ce alamar ya yi siriri ne ko maiƙo ya yi kaɗan.

Barista na ji, ba za ta taho ba. A nan ita bindigar duk mai shekara 18 zai iya saya tunda harbi ɗaya ce kuma samfurinta ya girmi 1871, albarushin ne sai ka yi kwas ka ci jarrabawa an ba ka takarda. Samaru_Boy wannan ma tana da gasar duniya, ƙungiyar MLAIC ta masu harbi da bindigar ɗuri ta baki ke shiryawa tun da aka kafa ta a 1971, ajin tawa Kuchenreuter suke ce masa, kuma wajen maki sun fi tsauri don ba gefen ramin da dalma ta huda ake dubawa ba sai tsakiyarsa ta kai layin da'irar. Ta iskar na gwada, babu hayaƙi babu wari, ban ji komai ba wlh.

Yaya_Gyallesu

Au, dama kwas ɗin da kace kana yi ranar Asabar kenan? Umma ta san da wannan? Ɗaga wayarka.