Wace kalma ta dace da "system call" a Hausa?

1/ Masu harkar kwamfuta, na kwana biyu ina juya wannan a raina. Na ga wasu suna rubuta "kiran tsari". Ban gamsu ba, don wanda bai ji Turanci ba babu abin da zai tsinta a ciki. Ni dai na tsaya a kan "neman iso".

2/ Manhaja ba ta da ikon taɓa rumbun ajiya ko katin sadarwa da kanta. Kanel, wato ƙwayar da ke tafiyar da na'urar, ita ce mai gida. Manhaja a zaure take. In tana son buɗe fayil, sai an yi mata iso, ta tsaya har amsa ta fito; wannan roƙon da take yi wa kanel shi ne "system call". Wannan shiga da fita yana cin lokaci, domin dole na'ura ta adana inda manhajar ta tsaya, ta sauya matakin izini, sannan ta mayar da komai.

3/ Abin da ya ƙara min son kalmar shi ne tana ɗaukar zancen hanzartawa gaba ɗaya. Da can Linux, ɗaya daga cikin tsarukan tafiyar da kwamfuta, kan bi ta wani umarni mai suna int 0x80 wajen neman iso, hanya mai nawa. Intel ta kawo sabon umarni, SYSENTER, a ƙwaƙwalwar kwamfutarta ta Pentium II a 1997, AMD kuma ta kawo nata, SYSCALL. Gajarta iso ke nan. Da matsalar Meltdown, wata kafar tsaro da ke bari manhaja ta leƙa sirrin kanel, ta bayyana a 2018, maganin da aka yi mata, KPTI, wato raba ma'ajiyar kanel da ta manhaja, ya ƙara ƙofa tsakanin zaure da cikin gida, ison ya sake tsada.

4/ Shi kuwa vDSO, ɗan sashen da kanel ke ajiye wa manhaja don ta karanta abubuwa kamar lokaci da kanta, agogo ne aka rataye a zaure. Mai tambayar ƙarfe nawa ya ɗaga kai ya duba, ba sai an ta da mai gida ba.

5/ Wani abokina ya ce me zai hana mu ce "aike"? Ya kawo magana, amma ina so mu ajiye ta ga io_uring, wani tsarin miƙa wa kanel buƙatu wanda Jens Axboe, ɗaya daga cikin masu rubuta kanel ɗin Linux, ya shigar a Linux 5.1 a 2019. Can kwando biyu ne a bakin ƙofa: manhaja ta zuba buƙatunta da yawa a ɗaya, ta koma aikinta, in an jima ta kwashi amsoshi a ɗayan. Mai neman iso tsayawa yake yi. Mai aike ba ya jira.