Tsohuwar kyamarar fim ta zo hannuna, ta ina zan fara? Da kuma tambaya kan ƙananan gem

Dan_Gwammaja:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin hoto ku taimaka min. Wata tsohuwar kyamara ce ta zo hannuna, Pentax K1000, irin mai fim ɗin nan, ta kawuna ce ya ce in ɗauka tunda ni ne kullum nake damun mutane da ɗaukar hoto a waya. Jikinta lafiya lau, in ka ja hannun ka danna tana yin ƙara, amma allurar nan da ake gani in an leƙa ciki ko motsi ba ta yi. To wane fim zan fara saya, ya zan ajiye shi da wannan zafin namu na Kano, sannan wai har yanzu akwai masu wankewa ko sai dai mutum ya koya da kansa?

Ta biyu kuma, ku yi haƙuri na haɗa, wlh na gaji da buga ƙwallo a gem kullum abu ɗaya. Wani abokina yake ce min akwai gem da mutum ɗaya ko biyu ke zama su haɗa ba kamfani ba, kuma wai sun fi daɗi. Laftof ɗina ba wani ƙarfi gare shi ba, RAM 4 ne, data ma sai a hankali. Wanne zai iya ɗauka? Ngd.

Tsohon_Mai_Hoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka ya ba ka abin kirki, kada ka yarda wani ya yi maka wayo ya karɓe. K1000 tun 1976 aka fara yinta har zuwa 1997, kuma da ita aka koya wa ɗalibai hoto a makarantu da yawa saboda ba ta da wani ƙyale-ƙyale, komai da hannu ne. Allurar da ka ce ba ta motsi ma'aunin haske ce, batir take so, ɗan ƙaramin nan LR44 irin na agogo da kalkuleta, wajen masu gyaran agogo za ka samu. Ka duba ƙasan kyamarar akwai murfi zagaye, da kwabo ake kwance shi. Ko allurar ta mutu gaba ɗaya kyamarar za ta ɗauki hoto, don ita ba da batir take bugawa ba, ba kamar Canon AE-1 ba da in batir ya ƙare ta zama ƙarfe kawai. Abu ɗaya, ba ta da makunni, muddin gabanta a buɗe yake tana shan batir, don haka ka riƙa rufe ta da murfinta.

Kafin ka sa kuɗinka a fim ka buɗe bayanta ka shafa baƙin soson da ke gefen ƙofar. In ya narke yana manne maka a yatsa to haske zai shiga ya ƙona maka hoto, sai an canja. Ka cire lens ɗin ka haska shi da tocila, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki fumfuna ce, damina ke kawo ta in an ajiye kyamara cikin jaka a ƙasan akwati shekara da shekaru.

Fim kuwa ka fara da Kodak Gold 200 in kala kake so, mai hoto 36. Ranarmu ta ishe shi har ta yi yawa. Mu da muna aiki ko allurar ba ma kallo in muna waje, in rana ta take sai ka sa lambar jikin lens a 16, ta saman kyamarar kuma ka sa ta kusa da lambar fim ɗin, wato 250 ga fim mai 200. In an shiga inuwa ka sauko 8 ko 5.6. Da wannan muka yi hawan sallah da bukukuwa ba adadi. Zafi shi ne babban maƙiyin fim, musamman na kala, kada ka bar shi a mota ko a ɗakin da kwano ke dukansa, ka sa a leda mai rufi ka ajiye a firij, in za ka yi aiki da shi ka fito da shi ya huce a cikin robarsa kamar awa biyu don kada ya yi gumi. In wuta ba ta zama a unguwarku to kada ma ka tara, ka sayi wanda za ka ɗauka ka wanke da wuri.

Kuma don Allah in ka gama na 36 kada ka buɗe baya sai ka danna ɗan maɓallin ƙasa ka naɗe fim ɗin ya koma gidansa. Yara da yawa a nan suke asarar aikinsu.

Abban_Data:

Ni fa ban gane ba. Wayar da ke aljihunka ta fi wannan kyamarar fitar da hoto, kyauta, ka ɗauki ɗari ka goge casa'in. Fim da dala ake sayo shi, ka biya kuɗin kawowa, ka biya wanki, ka biya a mayar maka da shi cikin kwamfuta, ƙarshenta dai a Instagram za ka sa shi a kalla a waya. Shi kansa Kodak ai sai da ya durƙushe a 2012. In launin da kake so ne akwai manhajoji da ke yi maka shi cikin daƙiƙa. Gaskiya almubazzaranci ne, gara ka tara ka ƙara wa laftof ɗin RAM.

Yar_Zariya:

Malam Abba kowa da abin da ke sa shi nishaɗi ai, wani a tattabaru yake kashe nasa ba wanda ya ce masa komai. Kuma Kodak bai mutu ba, har gobe yana yin fim, a 2024 ma Pentax sabuwar kyamarar fim suka fitar, Pentax 17, mai raba kowane hoto biyu ka samu 72 a maimakon 36, da ba masu saye ai ba za su yi ba.

Bari in amsa ta gem ɗin tunda nan na fi ƙarfi. Yaya laftof ɗinka zai ɗauki da yawa ma kuwa. Ka fara da Stardew Valley, mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, shi ya yi zane shi ya yi kiɗa shi ya rubuta komai, ya shafe sama da shekara huɗu a kai kafin ya fito a 2016. Gona ka gada daga kakanka duk ta zama daji, ka share ka shuka ka yi kiwo ka kama kifi ka saba da mutanen gari, ba mai kora ka ba mai harbinka, sai dai ina gargaɗinka kada ka fara shi ana gobe jarrabawa don kullum sai ka ce bari in ƙara kwana ɗaya kawai. Akwai shi a Android ma kuma ba ya buƙatar data in ka sauke.

Tunda kai mai son hoto ne akwai TOEM, wasu 'yan Suwidin ne suka yi shi a 2021, baƙi da fari ne gaba ɗaya, yaro ne da kyamara yana yawo gari gari mutane suna ce masa ɗauko min hoton kaza, da haka kake samun tikitin mota zuwa gaba. Gajere ne, zama biyu uku ka gama, amma zai sa ka fara lura da abin da ke lungu. Umurangi Generation ma na hoto ne, wani ɗan ƙabilar Maori ya yi shi, a can har lens kake canjawa kana gyara launi, sai dai shi ya fi nauyi kuma labarinsa akwai ɗaci, ka bar shi sai ka samu na'ura mai ɗan ƙarfi.

Wanda ni ya fi tsaya min a rai Papers, Please ne na Lucas Pope, 2013. Kai ne jami'in kan iyaka a wata ƙasa ta ƙirƙira, aikinka duba fasfo ka buga hatimi, shi ke nan fa. Amma albashinka gwargwadon mutanen da ka duba ne, gida kuma ga haya ga abinci ga yaro ba lafiya, sai ga mata ta zo takardarta ba ta cika ba mijinta kuma ka riga ka shigar da shi, ka bar ta ta wuce a ci ka tara ko ka mayar da ita? Wlh sai ka tsaya kana tunani kamar da gaske. Babu kamfanin da zai zuba miliyoyi a gem ɗin buga hatimi, sai dai mutum ɗaya da ya ga abin ya ce sai ya yi.

In wahala kake so ka nemi Celeste ko Hollow Knight, za ka mutu har ka gaji. Na nahiyarmu kuma akwai Aurion da Kiro'o Games na Yawunde suka fitar a 2016. A Steam, wato shagon sayen gem na intanet, ka jira rangwamen ƙarshen Yuni ko na Disamba, farashi na faɗuwa sosai, kuma in ka saya bai yi a na'urarka ba suna mayar da kuɗi muddin ba ka buga awa biyu ba kuma ba a wuce kwana 14 ba. A shafin itch.io kuma akwai gem na kyauta birjik. Roƙona dai irin waɗannan in da hali a saya, kada a sauke na sata, mai shi ba wani attajiri ba ne.

Dan_Damagaram:

Sannunku. Ni daga Zinder nake, kuma maganar wanki nake so in taɓa don ita ce ke kashe wa mutane gwiwa. Masu injin wanke fim sun yi ƙaranci ƙwarai, mafi yawan sitidiyo yanzu daga waya ko kati suke bugawa, shi ya sa na koma baƙi da fari ina wankewa a gida. Ba sai kana da ɗakin duhu ba. Tanki ne ɗan ƙarami na roba da abin naɗi a ciki, sai baƙar jaka mai hannuwa biyu da kake zura hannu ka naɗa fim ɗin ba tare da ka gani ba, da ka rufe tankin sauran aikin duk a cikin haske ne. Magani biyu ne dole, mai fito da hoto da mai kafe shi. Ni wajen fito da hoto Rodinal nake amfani da shi da fim ɗin Ilford HP5, maganin tun 1891 ake yinsa, kaɗan ake ɗiga wa ruwa kuma kwalba ɗaya sai ta yi shekaru ba ta lalace ba, wanda ga mu da kawowa ke wahala ba ƙaramin abu ba ne.

Abin dariyar shi ne baƙi da fari ruwa mai sanyin digiri 20 yake so, mu kuwa a watan Afrilu ruwan famfo kansa ya kusa yin shayi, sai ka nemi ƙanƙara da ma'aunin zafi kana ta sirkawa. Na kala kuma, wanda ake ce wa C-41, digiri 38 yake so na minti uku da ɗan kai, wato abin da Turawa ke wahalar dafa ruwa su samu mu rana ta ba mu kyauta, sai dai maganinsa ba ya jimawa in an haɗa. Lokacin hunturu ruwan randa da sassafe ya fi kusa da abin da baƙi da fari ke so, amma a lokacin ne ƙura ke cin mutum, fim yana jiƙe in ƙura ta hau shi ta zauna ke nan har abada. Ni a banɗaki nake shanya, in watsa ruwa a ƙasa tukuna in rufe ƙofa da taga in hana kowa shiga sai ya bushe. Bayan nan ka ɗora nagetif ɗin, wato fim ɗin da ka wanke, a kan farin haske ka ɗauka da waya ka juya launin, ya isa ka gani ka raba wa mutane.

Malam Abba kuma, gaskiyarka ta wajen tsada, ba mai musu. Amma ka duba masu hoto su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, nagetif ɗin da suka ɗauka tun shekarun 1950 da 1960 suna nan ana ta bugawa, Sidibé har babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venice ya samu a 2007. Haka Ojeikere a Najeriya da hotunan kitso kusan dubu. Mu hotunan da muka ɗauka da wayoyinmu na farko suna ina yanzu?

Dan_Gwammaja:

Kai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Baba na sa batir allura ta tashi, amma soson nan da ka ce ya zama kamar kwalta, duk ya ɓata min yatsa. Anti na sauke Stardew a waya, ga shi har na shuka dankali. Ina so in fara da marinar Kofar Mata da saman Dala da yamma, in Allah ya kai mu sallah kuma hawan Daushe. Soson fa, dole sai na kai wa mai gyara?

Tsohon_Mai_Hoto:

Ba dole ba ne. Ka samu tsinken sakace da auduga da ɗan sifirit ka kankare tsohon a hankali, kada ko kusa ka taɓa labulen da ke tsakiya don yadi ne, in ya huje gyaransa ya fi kuɗin kyamarar. Siraran ramukan sama da ƙasa baƙin zaren ulu na saƙa yana toshe su, wajen maƙalin ƙofar kuma ka yanka ɗan siririn baƙin soso ka manna. Fim na farko kada ka kai shi hawa, ka ƙarar da shi a ƙofar gida ka wanke ka ga ko haske na shiga, sannan ka fita da na biyu. A marina kuma ka fara gaida mutane ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, wani ba ya son hoto sam, mata kuwa sai sun yarda. In ka wanke ka buga ko guda biyu a kati ka kai musu, gobe su da kansu za su ce ka zo ga inda haske ya fi kyau. Ran hawa ka sa lambar sama a 500 saboda dawakai ba sa jiran ka gama saiti.