Tibi (tarin fuka) a ƙwaƙwalwa? Gardamar da ta tashi a guruf ɗin 'yan unguwar Aboabo ta Kumasi

Baba Direba: Salamu alaikum jama'a. Yaron gidanmu ɗan shekara 4 sati uku kenan zazzaɓi da ciwon kai, an sha maganin maleriya har zagaye biyu shiru, shekaranjiya ido ɗaya ya karkace ya fara surutai. An kai shi asibiti wai tibi ce ta hau ƙwaƙwalwa. Ni dai wlh ban yarda ba, yaron nan ko tari ɗaya bai taɓa yi ba. Tibi ciwon ƙirji ce kowa ya sani. Wannan iska ce.

Mai Shayi: Nima haka na gani Baba. In sanƙarau ne ai na lokacin zafi ne, can arewacin Ghana su Wa da Bolga, kuma kwana ɗaya biyu yake kada mutum. Sati uku kam ba shi bane

Anti Nas: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ba shi lafiya. Mai Shayi abin da ka faɗa ɗin shi ne ma alamar. Sanƙarau na arewa saurin kamu gare shi, na tibi kuwa a hankali yake ci, zazzaɓi kaɗan kaɗan, yaro ya daina wasa ya ƙi abinci, amai, sai daga baya wuya ya sandare. Ƙwayar ta huhu take shiga gaskiya ne amma jini na iya ɗaukarta ya kai ta fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wurin ya kumbura ya danne jijiyar da ke juya ido, shi ya sa kuka ga ya karkace. Ba sai ya yi tari ba.

Baba Direba: To 'yata in haka ne me ya kawo maganar cire ruwan baya? Uwar ta ƙi sa hannu kuma ni ban ga laifinta ba, mun sha ganin wanda aka tsira wa allurar nan bai ƙara takawa ba

Maman 'Yan Biyu: Baba ka yi haƙuri in sa baki. Ni fa tibi ta same ni, a ƙashin baya. Wata bakwai ina yawo, an tsaga ni an shafa baƙin magani, an ce jifa ne na taka a bakin shagona, har kishiyata na daina gaisarwa Allah ya yafe min. Ƙafa ta fara ja, in na tashi daga kujera 'yar tsuguno sai na dafa bango, wani ɗan doro ya fito min kamar gwiwar yatsa. Hoto ne ya nuna ƙashi biyu sun cinye. Shekara guda ina haɗiyar ƙwaya kullum da asuba, fitsari ja kamar manja ranar farko har na yi kuka na ɗauka jini ne. Yau da ƙafata nake hawa motar haya ta trotro zuwa kasuwar Kejetia.

Anti Nas: Rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tibi, ke rina fitsarin, ba komai. Maganar allura kuma Baba, a ƙasan baya ake sa ta inda laka ta riga ta ƙare, ruwa kaɗan ake ɗiba a gwada. Mutanenmu sai ciwo ya ci rabi ake kawo su, in ƙafa ta mutu a ce allura ce, alhali ciwon ne ya taɓa laka. Na huhu wata 6 ake sha, na ƙwaƙwalwa yawanci wata 12 da wani na rage kumburi, kuma maganin tibi kyauta ne a Ghana, sidi ɗaya ba a biya. Jinkirin ne nake tsoro, yana barin yaro da shanyewar ɓarin jiki ko makanta ko ruwa ya taru a kai, wasu ba sa tashi ma.

Mai Shayi: amma ba ana musu allurar tibi ranar haihuwa ba? wadda ke barin tabo a kafaɗa

Anti Nas: BCG, eh. Tana rage irin wannan mai tsananin sosai ga yara amma ba ta toshe ƙofa duka ba. A duba katin awo ma a gani ko an yi masa.

Malamin Makaranta: Ni ban ga abin rabuwar kai ba. Tofi da ruƙiyya a bakin gadon asibiti ma ana yi, in uwar ta yarda zan zo bayan la'asar. Amma a ce an sallamo yaro an kawo min gida, a'a ba ni ciki.

Baba Direba: Hmm. Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Yaro ko makaranta bai fara ba ina zai samo tibi

Anti Nas: Yawwa Baba tambayar da nake jira kenan. Ƙaramin yaro a wurin babba yake ɗauka, yawanci wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Wa ke tari a gidan?

Baba Direba: Kakansa dai na tari tun azumi, ya rame kuma, amma shi tsohon mashayin taba ne

Anti Nas: Ku kai shi gobe da safe a gwada kakinsa, a duba sauran yaran ɗakin ma. Lambar uwar kuma ka turo min ta gefe yanzu, zan kira ta.